Daren da autarmu ta durƙusa

Wata Asabar cikin watan Agusta na leƙa gidan autarmu a Tudun Jukun, Zariya, ruwa ya ɗauke ke nan. Na tarar da ita zaune a dokin ƙofar kicin, tsintsiya a hannu, tana haki. Tsakar gidan bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba, amma rabi kawai ta share. A gefenta kofi ne cike da ƙanƙara, tana ɗauka tana tauna kamar mai cin aya. Cikinta wata biyar, na fari.

Ko jaka ban ajiye ba na ce, "Auta, ɗago ki dubi sama." Na sa yatsa na janyo fatar idonta ta ƙasa. Inda ya kamata in ga ja, fari na gani fat. Na kamo tafin hannunta na jera da nawa, nata ya yi fayau kamar na wadda ta wuni tana wanki.

"Ina maganin da aka ba ki wajen awo?"

Ta sunkuyar da kai. "Yaya, tashin zuciya yake sa ni. Kuma an ce yana sa yaro ya yi ƙato, a ƙare da aiki."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko min gwangwanin madara. Ƙwayoyin ƙarin jini na wata biyu ne a ciki, 'yar ja da 'yar rawaya, ko ƙullin ba a kwance ba. Gabana ya faɗi, domin na san wannan ɓoyon. Shekara 11 da suka wuce nawa ƙarƙashin katifa nake cusa su.

A cikina na fari ban sha ƙwayar nan ta kwana goma cikakku ba. Na ga bayan gidana ya koma baƙi na tsorata, kuma ba wanda ya gaya min haka take yi, ba wata illa ba ce. Sai na koma ga abin da kowa ke faɗa a unguwa: malt da madarar gwangwani, da zoɓo tunda launinsa launin jini ne. Farar ƙasa kuwa a ɓoye nake ci. Da na shiga wata tara aka auna aka ce jinina 24, na ce to, na ninke kati na dawo gida, ban san me lambar ke nufi ba. Haihuwa ta zo, na sauka, sai jini ya ɓalle. Abin da mai cikakken jini za ta zubar ta miƙe ta yi wanka, ni shi ya kayar da ni. Ina tuna silin yana juyawa, ana kiran sunana ina ji kamar daga bayan gari. Leda biyu aka ƙara min. Maigidana ya kwana bisa babur yana tashin 'yan uwa da abokai a samu wanda jininsa ya zo ɗaya da nawa. Na yi wata uku bokitin ruwa yana gagarata.

Tun daga nan na zama mai tambaya. A ciki na biyu da na uku ba na tashi daga gaban malamar awo sai na gane abin da ta rubuta a katina. Abin da na fahimta, wanda kuma ya zaunar da ni yin wannan rubutu, shi ne mun juya al'amarin. Wajen ƙarancin jini, inda ƙwayar asibiti ke da babban aiki, nan muke gudun magani mu ce abinci ya isa. Wajen zafin naƙuda kuwa, inda hannun 'yar uwa da tattaki da ruwan ɗumi ke taimakawa ƙwarai, nan muke ɗura wa mace jiƙe-jiƙe, mu ja mata ƙofa mu ce ta daure.

Bari in fara da jinin, tunda shi ake tarawa tun da nisa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Jinin mai ciki ƙaruwa yake yi, kusan da rabin yadda yake a da, saboda ga mahaifa ga ɗa duk suna jiran ciyarwa. Sai dai ruwan jinin ya fi jajayen ƙwayoyinsa saurin ƙaruwa, kamar kunun da aka tsinka don baƙi sun yi yawa. Jajayen ƙwayoyin nan su ke ɗaukar iskar da muke shaƙa su kai ta kowane lungu na jiki, shi ya sa wadda ta rasa su take haki daga 'yar shara. Ba sa ginuwa sai da sinadarin ƙarfe, wanda malaman asibiti ke kira ayon, kuma ciki guda yana cin kusan miligiram 1,000 nasa daga farko zuwa ƙarshe. Da yawanmu da ɗan guntun ajiya muke shiga cikin, musamman wadda ta haihu bara, ko wadda ciki ya same ta da goyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai cikin da himogulobin ɗinta, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin nan, ya gaza 11 tana da ƙarancin jini, in ya gaza 7 kuma abin ya tsananta. A asibitocinmu PCV aka fi faɗa, wato lambar nan da ake rubutawa a katin awo. Ninki uku ce ta waccan: 11 ta zama wajen 33, 7 ta zama wajen 21. Ranar da na san wannan na gane bakin ramin da 24 ɗina ta tsaya.

Ga kuma sauro. Zazzaɓin cizon sauro jajayen ƙwayoyin nan yake fasawa, kuma a jikin mai ciki yana iya laɓewa a mabiyiya yana ɓarna ba tare da jiki ya yi zafi ba. Masu cikin fari ya fi wahalarwa. Wanda duk ya yi damina a Zariya, ya ga yadda ruwa ke kwanciya a kududdufan cikin birni da gefen Kubanni, ya san mu da sauro sai addu'a da gidan sauro. Dalilin ke nan da ake ba da Fansidar, maganin kariya daga zazzaɓin, ƙwaya uku wajen awo bayan an wuce wata uku, a haɗiye a gaban nas, a maimaita bayan aƙalla wata guda, har sau uku ko fiye kafin haihuwa.

Abin da ke taɓa min zuciya shi ne a garin nan namu aka gano da yawa daga cikin waɗannan abubuwa. Tsakanin 1976 da 1979, lokacin asibitin koyarwa na ABU yana Tudun Wada ba a koma Shika ba, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774, aka wallafa sakamakon a 1985. Matan da ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kwaso su, su suka fi rasa rayukansu nesa ba kusa ba. Tare da Farfesa Alan Fleming, masanin jini, sun kuma ga cewa ƙananan 'yan mata masu cikin fari da aka riƙa ba maganin kariya daga zazzaɓi da ayon da folik asid, wani bitamin mai taimakawa wajen gina jini, har tsawo suka ƙara suna ɗauke da cikin. Matan garin nan ne fa, sa'o'in Inna. Likitocin duniya suna karanta darasin da aka koya a jikinsu, ga kuma 'yarsu a Tudun Jukun ta kulle maganinta a gwangwani.

Ranar Litinin na tasa Auta a gaba muka tafi awo. PCV ɗinta 27. Aka gwada zazzaɓi aka samu, alhali ko ciwon kai ba ta ji, aka ba ta magani. Sistar da muka samu, Allah ya saka mata da alheri, ta ja kujera ta zauna da ita. Ta ce baƙin bayan gida ba abin tsoro ba ne. In ƙwayar na tada mata zuciya, ta sha da dare bayan ta ci abinci. In cikinta ya ɗaure, ta yawaita ruwa da ganye da gwanda nunanniya. Kada ta kora ta da shayi ko madara. Batun ƙaton yaro kuwa, ta ce abin da ya kamata ta ji tsoro shi ne kishiyarsa: ƙarancin jini ke kawo ɗan mitsitsin jariri ko bakwaini, ya bar uwa ba ƙarfin nishi. Abin da ake ba kowace mai ciki kullum domin kariya shi ne ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikirogiram 400, amma wadda jininta ya riga ya yi ƙasa ana ƙara mata, kuma likita ke yanke adadin. Mai sikila dai kada ta ɗauki wannan ta sha da ka, nata tsarin daban ne, ayon ɗin ma sai an gwada an ga tana buƙata.

Daga nan muka koma kan tukunya.

Karin kumallon Auta kullum shayi ne mai kauri da burodi. Ganyen shayi yana da wani sinadari da ke kama ayon a cikin hanji ya hana shi shiga jini. Ban ce ta daina ba, don na san ba za ta iya ba. Mun dai matsar da shi can hantsi, awa biyu tsakaninsa da abinci ko ƙwaya. Safiya ta koma koko da ƙosai, ko alala. Rana faten wake da alayyafo mai yawa, a zuba ganyen daf da saukewa kada ya narke ya mutu a wuta. Da la'asar Inna takan aiko da kwaɗon zogale, ƙuli-ƙuli ya ji, da ɗanyen tumatir da albasa, mu matse lemon tsami a kai. Matsa lemon nan yana da dalili: ayon ɗin wake da gero da ganye ba ya saurin shiga jiki sai ya haɗu da bitamin C. Allah kuma ya taimake mu lokacin goba ya kama, ko'ina ka duba daga Kwangila zuwa PZ ga ta a faranti, ga araha, kuma ta fi lemo ma bitamin C. Kowane cin abinci sai ta bi shi da goba ɗaya. Da sanyi ya fara shigowa lemo ya karɓe ta.

Nama da kifi su ne ayon ɗinsu ya fi saurin shiga jini, a nan kuma maganar ta zama ta aljihu da ta al'ada. A gidajenmu tsokar da ke cikin miya kwanon maigida take tafiya, mai cikin da ta dafa ta ƙare da romo. Na sami mijinta a zaure muka gaisa, na ce, "Malam, wata alfarma nake nema. Kuɗin malt da madarar nan da kake sayowa kullum, a tara su a sayo nama ko kifi sau biyu ko uku a mako, kuma a kwanonta za a sa." Mutumin kirki ne, shi ma abin da ya ji ana faɗa yake yi da iyakar ƙarfinsa. Ya ce wallahi ya ɗauka malt ɗin ne ke ƙara jini. Na ce zaƙi ne da launi, ayon ɗin da ke ciki bai kai a jingina da shi ba, haka ma zoɓo. Hanta kuwa sista ta ce ɗan yanki jefi-jefi, kada a mayar da ita ta kullum, don bitamin A ɗinta ya yi yawa ga mai ciki. A daren ya ciro gidan sauron da aka ba su wajen awo, yana nan cikin ledarsa a saman sif, ya buga ƙusoshi ya ɗaura.

Ina so a fahimce ni a nan. Wake da zogale da goba sun taimaka, kuma har gobe ina ba kowace mai ciki shawararsu. Amma mace mai PCV 27 da saura wata huɗu ta haihu, kwano ba zai cike mata wannan giɓi shi kaɗai ba. Ƙwayar ce ta yi jan aikin, abinci ya tallafa mata. Cikin makonni kaɗan Auta ta daina neman ƙanƙara, ita da kanta ta yi mamaki. Kwaɗayin ƙanƙara da farar ƙasa sau da yawa jiki ne ke kukan ayon. A awon watan Nuwamba aka ce 33.

Sai batun ranar durƙuso.

Mu Hausawa mun mayar da naƙuda jarrabawar kunya. Mai haihuwar fari ba ta kuka, ba ta ƙara, wata ko faɗa ba ta yi cewa ciwo ya tashi sai an gani a fuskarta. In ta yi raki, za a yi mata gori har ɗan ya yi wayo. Ni da wannan na shiga ɗakin haihuwa karon farko. Awa tara na yi kwance rigingine, ni kaɗai, an tsayar da Inna a waje. Gefen zanina na cusa a baki na cije. Maƙogwarona ya bushe ba wanda ya miƙo min ruwa, da na yi yunƙurin tashi zaune wata ma'aikaciya ta daka min tsawa. Ciwon yana nan, amma abin da ya fi zama a raina har yau tsoro ne da kaɗaici.

Daga baya na gane tsoron kansa yana ƙara ciwon. Mace in ta firgita jikinta ɗaurewa yake, ta riƙe numfashi, ta ƙanƙame kafaɗa da mara, sinadarin firgici kuma ya rage wa naƙudar ƙarfi ta yi ta ja. Kwanciya rigingine ma da nata: nauyin ciki yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, uwa ta ji jiri, jinin da ke zuwa wa ɗa ya ragu. Kakanninmu ba su san sunan jijiya ba, amma ku duba kalmar da suka bar mana. Ba su ce mace ta kwanta ba, cewa suka yi ta durƙusa. Kakarmu a cikin birni duk 'ya'yanta a durƙushe ta haife su, riƙe da bakin gado. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwarin kula da mai naƙuda, kuma da aka karanta min su sai na ji kamar tsohuwar ce ke magana: a bar mace da wanda ta zaɓa ya zauna da ita, a bar ta ta yi tafiya ta ɗauki yanayin da ya fi mata, in ba wata matsala a bar ta ta ci ta sha, a taimaka mata da tausa da ɗumama baya da sarrafa numfashi. Bincike ya nuna matan da ke tsaye ko tattaki a farkon naƙuda tasu ta fi gajarta da sama da awa ɗaya, waɗanda kuma ke da mai ɗebe musu kewa daga farko har ƙarshe ba a cika kai su ga aiki kamar waɗanda aka bari su kaɗai ba.

Ba duk abin da muka gada ne zan kare ba. Da Auta ta dawo gida goyon ciki, goggonmu ta zo da gora cike da jiƙon saiwoyi, wai maganin zaƙi ne, yana sa haihuwa ta zo da sauri. Da ƙauna ta kawo, na sani. Amma ba wanda ya san ƙarfin abin da ke cikin gorar nan, wasu saiwoyin suna murɗa mahaifa fiye da ƙima, ɗa ya galabaita, wani lokaci mahaifar ta fashe. Haka danna ciki don ɗa ya fito, haka yankan gishiri da ya jefa mata da yawa cikin yoyon fitsari. Inna ce ta san yadda ta yi: ta karɓa hannu bibbiyu, ta yi godiya, ta ce, "Yaya, likita ya ɗora ta a kan magani, kada a haɗa biyu. Ke dai ki riƙe mana addu'a, ita muka fi buƙata." Gorar ba ta shiga ɗakin Auta ba.

Tun a wata takwas muka gama shiri. Mun tambaya a asibitin da take awo ko ana barin 'yar rakiya ta shiga, aka ce mace ɗaya. Mijinta ya ba da jini leda ɗaya aka ajiye. Jaka na bayan ƙofa, lambar mai Keke maƙwabcinmu na cikin waya uku.

Wani dare cikin Disamba, hunturu ya sauka sosai, bayan isha'i Inna ta kira ni. Na tarar da Auta a bakin gado ta dafe ƙugu. "Yaya, bayana ne, kamar ana sara." Muka duba agogo, ciwon na zuwa duk bayan minti 15. Na ce da sauran lokaci, kuma ba kwanciya. Ta yi wanka da ruwan ɗumi. Ta sha kunun gyaɗa rabin kofi, ta ci dabino uku. Na yafa mata bargo muka shiga zagaye tsakar gida, daga zaure zuwa bakin rijiya, daga rijiya zuwa zaure, Inna na zaune bisa darduma da carbi.

In ciwon ya taso sai ta tsaya ta rataya hannuwanta a wuyana, ta saki nauyinta a kaina, muna lilo a hankali hagu da dama. Na ji ta riƙe numfashi sai in ce, "Hura min kunu, Auta." Ta ja iska ta hanci, ta fitar ta baki a hankali, doguwa, kamar mai fifita kunu da zafi. Tun tana wata bakwai muke gwada wannan, don ranar ba a koyon sabon abu. Ina taɓa haɓarta in ce ta saki haƙora, in taɓa kafaɗa in ce ta sauke. Muƙamuƙi in ya saki, ƙasan ma yana saki.

Da ciwon ya ƙara ƙarfi ta koma durƙuso, ta kifa ƙirji bisa matashi a bakin gado. Na durƙusa a bayanta na kafa gindin tafin hannuna a ƙashin nan da ke ƙarshen baya, daidai saman mazaunai, na danna da nauyin jikina duka. Shafa ba ta yi a nan, danna ake yi da gaske. Ita ke yi min jagora: "Ƙasa kaɗan. Nan. Ƙara." In ya lafa sai Inna ta tsoma tawul a ruwan fulas da aka surka, ta gwada a cikin hannunta kada ya ƙona, ta matse ta shimfiɗa mata a ƙugu. Na ga kafaɗunta suna sauka duk lokacin da ɗumin ya taɓa ta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: in kika buge ƙwauri da turmi, hannunki da kansa yake zuwa ya murza wurin, don saƙon taɓawa da na ɗumi suna rage wa saƙon ciwo hanya zuwa ƙwaƙwalwa.

Wajen ƙarfe ɗaya ciwon ya koma duk minti biyar, kowanne yana kai minti guda, ba ta iya magana a cikinsa. Muka kira mai Keke. Da faya ta fashe tun farko, ko ta ga jini, ko ɗa ya rage motsi, ko ta ce kanta na sarawa idonta na rufewa, wanda shi ne ƙofar jijjiga, da ko minti ɗaya ba mu ƙara a gida ba. Titin Ƙofar Doka ba kowa sai hazo, tana jingine da ni tana hura kununta.

Sista ta duba ta ce bakin mahaifa ya buɗe santimita 5, ana neman 10. Ta saurari bugun zuciyar ɗa ta ce lafiya lau. Ta bar mu muna kai da kawowa a baranda, tana tuna mana Auta ta riƙa zuwa fitsari, don mafitsara in ta cika tana tare hanya tana ƙara ciwo. Tsakanin ciwo da ciwo ina ba ta ruwa kurɓi-kurɓi. Ta ce mana in ya gagara akwai allurar rage zafi, ta faɗa kawai. Na ce wa Auta ba abin kunya ba ne, in tana so ta karɓa. Ta ce a dakata tukuna. Da a ce an duba an ce sai aiki, da ni zan fara cewa a yi.

Kada wata ta karanta wannan ta ɗauka danna baya da tawul suna ɗauke ciwon naƙuda. Ba sa ɗaukewa. Suna dai rage masa kaifi, su mayar da shi abin da ake iya bi ɗaya bayan ɗaya. Wajen ƙarfe huɗu duk dabarata ta ƙare. Jikinta na rawa, ta damƙe hannuna har ƙashi, ta ce, "Yaya, mutuwa zan yi. Ki ce Inna ta yafe min." Na ga tana cije leɓe tana haɗiye kukan, na tuna gefen zanina. Sai Suratu Maryam ta faɗo min. Nana Maryam, zaɓaɓɓiya cikin matan duniya, da naƙuda ta kai ta gindin dabino har fatan ta yi ina ma ta mutu kafin wannan rana. Ba a yi mata gori ba. Cewa aka yi kada ta yi baƙin ciki, ga ruwa na gudana a ƙarƙashinta, ta girgiza dabinon ya zubo mata, ta ci ta sha ta kwantar da hankalinta. Na sa bakina a kunnenta na ce, "Auta, ba wanda zai ji sai ni. Yi nishinki, yi kukanki. Wannan da kike ji alamar an kusa ne." Ta saki wani nishi mai nauyi daga can ƙasa, ta ambaci Allah, ta sake.

Da aka hau gado ta ƙi kwanciya, ta juya ta durƙusa ta riƙe ƙarfen kan gadon. Na dubi sista. Ta ce, "Tunda haka ya fi mata, bar ta." Ta gyara tsayuwarta ta bi ta a haka. Ba ihu ba tsawa, sai dai, "Yi nishi, 'yata. Tsaya, hura. Yanzu kuma yi." Ana kiran assalatu a masallacin bayan asibiti yarinya ta faɗo hannunta da kuka.

Aka juyar da Auta aka ɗora mata 'yar a ƙirji, fata da fata, aka lulluɓe su. Sista ba ta yi gaggawar yanke cibiya ba, ta jira kamar minti biyu, ta ce jinin da ya rage a ciki na jaririyar ne, guzurin ayon ɗinta ne na watannin farko. Ta yi wa Auta allurar hana zubar jini a cinya, mabiyiya ta fito. Ni dai idona na kan shimfiɗar da ke ƙarƙashinta, ina kallon jinin, bakina na motsi. Sista ta murza mata mara, ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Ya tsaya. Je ki yi wa Hajiya albishir." Na fita baranda na tarar da Inna tsaye riƙe da carbi, na buɗe baki magana ta ƙi fita, sai ta gane ta rungume ni.

Da hantsi Auta ta sauko daga gado da ƙafarta ta je ta kama ruwa ta dawo, ba wanda ya riƙe ta. Inna ta fara lissafin itacen wankan jego, na roƙe ta a sassauta zafin ruwa, kunun kanwa kuma a rage kanwar sosai, don likitocin Zariya sun daɗe da danganta yawanta da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ta ce za a duba. Kafin a sallame mu likita ya rubuta a ci gaba da 'yar ja da 'yar rawaya har wata uku, don a mayar da abin da aka zubar. Na karɓi takardar, na matsa kusa da gadon, na sa yatsa na janyo fatar idonta. Ta kama hannuna ta riƙe, ta ce, "Yaya, da sauran ja ko?" Na ce da saura. Ta lumshe ido, 'yar na kan nono, ni kuma na gangara wajen karɓar magani na shiga layi.